Littafin Da Ke Tsaron Ganuwa

Wanda ya shiga birnin Kano ta Ƙofar Ɗan Agundi, ko ta Gadon Ƙaya, in ya duba gefen hanya ya kan ga wani dogon tudun jar ƙasa. A wani wuri tudun ya yi tsawo, a wani wuri ya zube har ya kusa zama daidai da titi, a wani wuri kuwa babu ko alamarsa, sai kantuna da gidaje. Awaki na hawa, yara na zamiya a kai. Wannan tudu shi ne abin da ya saura na ganuwar Kano, wadda Kanawa su ke kira badala. In aka tsai da yaran nan aka tambaye su wa ya gina ta, a wane zamani, don me kuma, da wuya a sami mai amsawa. Ba laifinsu ba ne. Ba wanda ya taɓa sa musu labarin a hannu.

Alhali kuwa labarin yana nan a rubuce. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano, wanda malamai suka rubuta da Larabci, ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara ginin, shi kuwa ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134 bisa ga lissafin masana. Ɗansa ya ƙarasa. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi zamani daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, shi ne kuma ya kafa kasuwar Kurmi, ya gina gidan sarautar da har yau a ke kira Gidan Rumfa. Watau aikin da aka soma shekara ɗari tara da suka wuce ke nan awaki su ke tattakawa.

Ginin ƙasa ba kamar na dutse ba ne, abinci ya ke so ko wace shekara, abincinsa kuwa yaɓe. A zamanin da, in damina ta ɗauke, sarki ya kan sa a fito aikin ganuwa, a raba wa jama'a, kowa ya san rabonsa. A kwaɓa ƙasa, a yi tubali, a toshe inda ruwa ya ci. Ba wanda ya ke bukatar a yi masa dogon bayani, don kowa ya san in ganuwa ta tsage, mahara ne za su shigo ta nan. Da Turawa suka ci Kano a 1903, yaƙe-yaƙen garuruwa suka ƙare, sai tsoron ya tafi, aikin gayya ya bi shi. Daga ran nan ganuwa ba ta da sauran mai tsaro sai mutumin da ya san darajarta.

To, ga inda maganar littafi ta shigo. Hukuma ta kan fid da kuɗi lokaci lokaci ta gyara wata ƙofa ko wani ɓangaren gini, wannan kuwa abin yabo ne. Amma gyaran da aka yi bana, damina biyu ko uku sun ishe shi in maƙwabtan wurin ba su damu ba. Ba a iya ajiye ɗan sanda a ko wane taku na ganuwa dare da rana. Abin da a ke iyawa shi ne a sa labarin wurin a cikin kan mutanen da ke kwana kusa da shi. Saboda haka ya wajaba hukuma ta ɗauki buga littattafan kayan tarihi a kan aiki ne nata, kamar yadda ta ɗauki yaɓen ginin kansa. Ta biya kuɗin shirya su daga baitulmali, a rubuta su da harshen da mutanen wurin su ke ji, sa'an nan a sayar da su da araha a inda talaka ya ke sayayya.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, an taɓa yi, an kuwa ga amfaninsa. Wajen 1930 Gwamnati ta kafa Hukumar Fassara, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya, a ƙarƙashin wani Bature, Dokta East. Cikin ayyukanta na fari akwai Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, littafi biyu, waɗanda suka fito a 1932 da 1933. A ciki aka juya tsofaffin rubuce-rubucen Larabci zuwa Hausa, har da tarihin nan na sarakunan Kano. Abin lura a nan shi ne, wani Bature mai suna Palmer ya riga ya fassara tarihin da Ingilishi tun 1908. Watau shekara 25 mutumin Ingila yana iya zama a ɗakinsa ya karanta labarin Gijimasu, ɗan makarantar Kano kuwa bai samu da harshensa ba. Ba ɗan kasuwa ne ya raba wannan gardama ba, kuɗin jama'a ne.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Malam Abubakar Imam ne editanta. Sunanta kaɗai ya isa darasi. Gwamnati ce ta ɗauki nauyinta, da ta so da ta raba ta kyauta, amma aka sa mata kuɗi, kwabo guda. Kwabo bai biya dukan wahalar da a ke sha kafin jarida ta fito ba, amma ya isa ya sa mai saye ya riƙe ta da daraja, ya karanta, ya karanta wa na zaure, ya ninke ya ajiye. Daga nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, aka kafa Hukumar NORLA a farkon shekarun 1950 don ta wadata masu Yaƙi da Jahilci da abin karatu, ta kuwa buga littattafai da boko da ajami, da Hausa da waɗansu harsunan Arewa. A zamaninta ne aka sami irin su Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, Bakano yana ba Kanawa labarin garinsu.

Me ya sa sai hukuma? Me zai hana a bar wa 'yan kasuwa, su da suka san ciniki? Amsar tana cikin lissafi, ɗan aji shida ma ya iya yin sa a kan allo. Kuɗin littafi iri biyu ne. Akwai kuɗin shiri, watau na mai bincike da zai bi ƙofofi ya auna, ya zauna da tsofaffi, ya duba takardun da. Da na mai zane, da mai ɗaukar hoto, da mai gyaran rubutu. Wannan sau ɗaya a ke biyansa, ko littafi goma za a buga ko dubu goma. Akwai kuma kuɗin takarda da tawada da ɗinki, wanda ko wane littafi ya ke cin nasa. A ƙaddara, don misali kawai, shiri ya ci naira 1,000,000, ko wane littafi kuma yana cin naira 300 a maɗaba'a. In aka buga 1,000, ko wane ɗaya ya tsaya a kan naira 1,300. In aka buga 10,000, ya sauko naira 400. Ɗan kasuwa ba shi da tabbacin zai sayar da dubu goma, saboda haka kaɗan zai buga, ya tsauwala kuɗi. Da ya tsauwala, masu saye su ragu, shi kuma ya ce ai ga shi nan, mutane ba su son tarihi. Hukuma ce kaɗai ke iya ɗauke kuɗin shirin nan gaba ɗaya, ta bar wa mai saye kuɗin takarda da ɗan ladan dillali. Ba a zargin ɗan kasuwa, da ruwan ciki a kan ja na rijiya, shi kuwa nasa ruwan bai kai ya jira shekara biyar ba.

Akwai misali mai ban tausayi. Wani masanin gini mutumin ƙasar Folan, sunansa Dmochowski, ya yi shekaru yana yawo a Nijeriya tare da almajiransa 'yan ƙasa, suna auna tsofaffin gine-gine, suna zana su ɗaki ɗaki, ginshiƙi ginshiƙi. Shi ne ya tsara wurin nan na Jos inda aka gina kwaikwayon ganuwar Kano da na masallacin Zariya. Ya rasu a 1982, aikinsa ya fito a 1990 cikin manyan littattafai uku, na farko a kan gine-ginen Arewa. Aiki ne na ƙwarai, ba mai musu. Amma da Ingilishi ne, a Landan aka buga, sai a ɗakin karatun jami'a a kan gan shi. Masallacin Juma'a na Zariya kuwa, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, magina Hausawa ne suka ɗaura bakan gizonsa da azara da ƙasa. Jikokin waɗannan magina suna nan da rai, galibinsu ba su taɓa ganin zanen aikin kakanninsu a takarda ba. An yi babban aiki, wanda ya fi wuya, an bar ƙaramin da ya rage, watau a tsamo abin da ke ciki a sa shi cikin ɗan littafi na Hausa mai shafi talatin ko arba'in.

Wani zai ce, ina hankali a kashe kuɗin haraji a kan labarin tsohon bango, ga asibiti ba magani, ga ƙauye ba rijiya? Wannan magana ce mai nauyi, ba a yi mata dariya. In da zaɓi ne tsakanin ran yaro da littafi, ba mai hankalin da zai tsaya tunani. Sai dai ba haka zaɓin ya ke ba. Kuɗin da za a shirya ƙananan littattafai na dukan tsofaffin biranen Arewa bai kai na shimfiɗa ɗan guntun titi ba. Kuma asarar da rashin sani ke jawowa ba ta da mayarwa. Rijiyar da ba a haƙa bana ba a haƙa ta baɗi, amma ƙofar da aka rushe ta tafi ke nan. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don a faɗaɗa hanya, aka mai da wata ta siminti a gurbinta. Motoci sun sami hanya, gaskiya ne. Amma wanda ya tsaya gaban sabuwar yau ba ya iya gane yadda mutanen da su ke gina ƙofa, sai fa in an auna tsohuwar an rubuta kafin ta faɗi.

Labarin Nok ma ya isa a yi tunani a kansa. A ƙasar kudancin Kaduna masu haƙar kuza su kan tono waɗansu siffofi na gasasshen yumɓu, tun 1928 aka fara lura da su. Wajen 1943 aka kai wa wani Bature mai binciken kayan da, Bernard Fagg, wani kan mutum na yumɓu. Ashe wanda ya tsince shi ya kai shi gonarsa ta doya ya kafa, ya zama mutum-mutumi na korar ɓarna. Da aka bincika sai aka tarar irin waɗannan siffofi sun haura shekara 2,000, suna cikin mafi daɗewar sassaƙe-sassaƙen yumɓu da aka sani a wannan sashi na Afirka. Su ne ma suka sa aka gina gidan kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952. Mai gonar bai yi laifi ba, ai ya ma kyauta da bai fasa ba. Amma tun daga lokacin an yi ta haƙe irinsu a ɓoye a na fita da su ƙasashen waje, manomi ya karɓi abin da bai taka kara ya karya ba, dillalin can ya sayar da tsada. Akwai doka, tun 1953 aka yi ta, aka kuma kafa hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa a 1979. Dokar da ke cikin ofis da Ingilishi ba ta isa gona. Ɗan littafi mai hoto, wanda ɗan manomi zai karanta wa ubansa da dare, shi ke isa.

Saura masu cewa, to, tun da kuɗin jama'a ne, a raba kyauta mana, don me za a sa talaka ya biya sau biyu? Niyyarsu mai kyau ce, amma duk wanda ya san yadda rabon kyauta ya ke tafiya ya san ƙarshensa. A yi taro, a kira manya, a ba kowa ɗaya ya sa a mota. Sauran a ɗaure a jibge a sito, gara ta yi biki. Waɗanda suka fita kuwa, bayan kwana kaɗan a gan su wurin mai ƙosai da mai tsire sun zama abin ƙunshi. Ban da wannan, abin da ba shi da kuɗi ba shi da mai talla. Mai teburin littattafai a bakin masallaci ko a tashar mota ba zai ɗauki kayan da ba zai ci kome a kai ba, shi ne kuwa ƙafar littafi, in ba shi littafi ba ya zuwa ko ina. Sayarwa kuma ita ce ma'auni. Littafin da ya ƙare cikin wata uku ya faɗa wa hukuma a ƙara, wanda ya kwana shekara a kan tebur ya faɗa mata a sake rubutu. Kyauta ba ta ba da wannan labari. Inda kyauta ta dace shi ne makarantu da ɗakunan karatu, a buga musu hatimi, a rubuta a rajista, malami ya sa hannu ya karɓa.

Kuɗin kuwa kada ya wuce abin da yaro zai iya tarawa daga kuɗin karin kumallonsa na 'yan kwanaki. Masu cewa Bahaushe ba ya sayen littafi su je kasuwar Kano su gani. Tun daga shekarun 1980 marubuta, maza da mata, su ke buga littattafan labarai da kuɗin aljihunsu, a kan takarda mai araha, 'yan kasuwa na kai su har Sakkwato da Maraɗi da Damagaram. Ba hukumar da ta tallafa musu, aka kuwa yi ta saye, har da masu ba da haya. Hanya ke nan a share, ba sai an fasa sabuwa ba. Abin da ya rage shi ne a rubuta tarihi yadda zai yi daɗin karatu, a miƙa shi ga waɗannan dillalai da rangwamen da zai sa su yi marmarin ɗauka. A sa kwafi a wayar hannu ma, ba laifi, sai dai malamin da ke gaban yara sittin a ajin da ba lantarki takarda ya ke bukata.

Amma akwai ramuka biyu a kan wannan hanya, wajibi ne a faɗe su. Na farko, NORLA ba ta daɗe ba, a 1959 aka rufe ta, don abin da ta ke kashewa ya fi abin da ke shigowa, aka mai da aikinta ga Kamfanin Gaskiya. Sai a 1966 aka kafa kamfanin NNPC a Zariya, haɗin gwiwa tsakanin Gwamnatin Arewa da kamfanin Macmillan, ya ci gaba da fito da littattafan. Darasin da ke nan shi ne, buga littafi ya fi sayar da shi sauƙi, karɓo kuɗin daga hannun dillalai ya fi duka wuya. Tilas a san adadin da za a iya sayarwa kafin a kunna inji. Tilas kuma kuɗin da aka samu ya shiga asusu na dabam wanda ba a taɓawa sai don sake bugu. In ya koma babban baitulmali ya narke, ran da littafi ya ƙare sai a sake rubuta takardar roƙo, a jira kasafin wata shekara, yara aji uku su wuce ba su gan shi ba.

Rami na biyu ya fi zurfi. Mai biyan kuɗi ya kan so a yabe shi. In ba a yi hattara ba, littafin ganuwa sai ya koma littafin wanda ke kan mulki, hotonsa a bango, jawabinsa shafi biyar, labarin Rumfa kuwa shafi ɗaya. Ga shi kuma sau da yawa hukuma ce da kanta ta ba da iznin rushe abin da littafin ke magana a kai, da wuya ta so a rubuta haka. Maganin wannan shi ne a raba mai ba da kuɗi da mai duba rubutu. A sa aikin a hannun masana, irin na jami'o'i da na Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970 don binciken tarihi, tare da malaman zaure masu riƙe da tsofaffin takardu, da masu unguwanni, da Sarkin Magina. Abin da suka tabbatar shi za a buga, da daɗi da ba daɗi. Inda ruwayoyi suka saɓa, kamar yadda su kan saɓa a kan asalin sunayen waɗansu ƙofofi, a kawo duka, a ce ga abin da waɗannan suka ce, ga na waɗancan. Ko wace shekara kuma a bayyana wa jama'a nawa aka buga, nawa aka sayar, nawa ke cikin asusu.

Wuraren da ke jiran irin waɗannan littattafai suna da yawa: hasumiyar Gobarau a Katsina, rijiyar Kusugu a Daura, marinar Ƙofar Mata, Gidan Makama, da Sukur ta jihar Adamawa wadda aka sa cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1999. Ba lalle a kama su duka a shekara guda ba. Abin da ba ya jira shi ne ilmin da ke cikin kan tsofaffin magina. Su ne suka san ƙasar da ke yin tubali da wadda ba ta yi, da yadda a ke jiƙa makuba daga ɓawon ɗorawa don ruwa ya zame daga bango, da yadda a ke jera azarar giginya a yi ɗaurin guga ba tare da ƙusa ko ɗaya ba. Ko wace shekara suna raguwa, 'ya'yansu da yawa sun koma bulo da siminti, don nan abinci ya ke.

Saboda haka littafin fari ya kamata ya zama na ƙofofin Kano da maginansu. Ko wace ƙofa shafi biyu: sunanta, da sarkin da aka ce a zamaninsa aka yi ta, da faɗinta da tsawonta, da hotonta na da in akwai, da na yau a gefensa, da shekarar ko wane hoto a ƙarƙashi. A ƙarshe a bar shafi huɗu farare, inda malami zai fita da ajinsa ran Alhamis da igiya, su auna abin da ya saura na badala kusa da makarantarsu, su rubuta tsawon da suka samu da kwanan wata, ajin baɗi su zo su sake aunawa.